Gudumar Ƙarfe: Lang Ping da Sana'ar Ƙwallon Raga a Ƙasar Sin

Ranar 16 ga watan Nuwamba, 1981, a birnin Osaka na ƙasar Japan, aka yi wasan ƙarshe na gasar Kofin Duniya ta ƙwallon raga ta mata, tsakanin masu masaukin baƙi da 'yan wasan ƙasar Sin. Daga cikin 'yan Sin shida da suka tsaya a filin akwai wata doguwar budurwa mai suna Lang Ping, wadda a lokacin saura mata 'yan makonni ta cika shekara 21 da haihuwa. Kafin gari ya waye sunanta ya game ƙasar Sin. Shekara 27 bayan wannan rana, ita dai wannan Lang Ping ta zauna a kujerar mai horarwa a tsakiyar birnin Beijin, sanye da rigar Amurka, tana tsara yadda za a ka da ƙungiyar ƙasarta ta haihuwa, aka kuwa ka da ita. Bayan wasu shekaru takwas kuma sai ga ta a Barazil ta komo wa 'yan ƙasarta, har ta kai su ga lambar zinariya ta wasannin Olamfik.

Duk wanda ya bi wannan tarihi daki-daki zai tarar da wata tsohuwar muhawara kwance a ƙarƙashinsa, wadda ɗalibin da gwamnati ta biya wa kuɗin karatu da ma'aikacin da ta tura ƙaro ilmi suka san ta sarai. Watau, idan hukuma ta ɗauki yaro tun yana ƙarami, ta ciyar da shi, ta koya masa wata gwaninta har ya gagari tsararsa, to wane ne ya mallaki gwanintar, shi ko hukuma? Mahukuntan Sin na farkon shekarun 1980 ba su ga abin muhawara a nan ba. Lang Ping tana cikin waɗanda suka tilasta musu sake duba al'amarin, kuma ta yi haka ne ta hanyar zaɓen inda za ta yi aiki da wanda zai biya ta, ba tare da ta fito ta yi jayayya da kowa ba.

Wasan da aka aro

Wani malamin motsa jiki Ba'amurke mai suna William G. Morgan shi ne ya ƙago wasan ƙwallon raga a shekarar 1895, a garin Holyoke na jihar Massachusetts, domin dattawan 'yan kasuwa waɗanda ƙwallon kwando ya fi ƙarfinsu. Fili ne mai tsawon mita 18 da faɗin mita 9, an raba shi biyu da raga, wadda tsayinta a wasan mata mita 2.24 ne. Kowane ɓangare mutum shida ne, kuma ba a yarda su taɓa ƙwallo fiye da sau uku ba kafin su mayar da ita ɗaya ɓangaren. Saboda haka aikin ya rabu uku: mai tarbe, da mai ɗagawa, da mai duka, watau wadda za ta yi tsalle ta doki ƙwallo ƙasa da iyakar ƙarfinta. Ana yin wasa turmi-turmi, wanda ya riga cin turmi uku cikin biyar shi ya yi nasara. A zamanin da Lang Ping ta yi wasa ana cin turmi da maki 15, kuma sai ɓangaren da ya yi bugun farko ne kaɗai yake iya samun maki, abin da yakan sa wasa ɗaya ya ja dogon lokaci.

An kafa hukumar wasan ta duniya a Faris a 1947, aka yi gasar duniya ta mata ta farko a Mosko a 1952, kuma a shekarun farko Tarayyar Sobiyet ce take cin karenta babu babbaka. Wanda ya karya wannan lago mutumin Japan ne, Daimatsu Hirobumi, tsohon soja a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda yake horar da ma'aikatan wata masaƙa ta kamfanin Nichibo a garin Kaizuka kusa da Osaka. 'Yan matan sukan yi aikin masaƙa da rana, sa'an nan su shiga horo har tsakar dare. Shi ya koya musu dabarar faɗuwa a mirgina a tarbe ƙwallo a kuma miƙe nan take. Da wannan ƙungiya ya doke Sobiyet a Mosko a 1962, ya kuma ci zinariya a Tokiyo a 1964, shekarar da aka fara sa wasan cikin Olamfik.

Firayim Ministan Sin, Zhou Enlai, ya gayyaci Daimatsu ya zo ya koyar da 'yan wasan Sin, ya kuwa zo a 1965. Wannan batu ya cancanci a riƙe shi, domin lokacin bai wuce shekara 20 da ƙarewar mamayar da Japan ta yi wa Sin ba, kuma ƙasashen biyu ba su ma ƙulla hulɗar jakadanci ba sai a 1972. Duk da haka hukumar Sin ba ta ga aibu ba wajen ɗauko gwani daga ƙasar da ta cuce ta. Ashe ke nan horon da daga baya aka mayar da shi alamar kishin ƙasa a Sin, tushensa daga hannun baƙo ya fito.

'Yar gwamnati

An haifi Lang Ping ranar 10 ga Disamba, 1960, a birnin Tianjin, ta tashi a Beijin. Ƙuruciyarta ta faɗo cikin Juyin Juya Halin Al'adu na 1966 zuwa 1976, lokacin da makarantu suka rikice, wasanni kuma suka durƙushe na wasu shekaru. A 1973 ta shiga makarantar wasanni ta bayan tashi daga aji a Beijin, a 1976 aka ɗauke ta ƙungiyar birnin, a 1978 kuma, tana da shekara 17 zuwa 18, aka kira ta ƙungiyar ƙasa. Tsawonta mita 1.84 ne.

Wannan tsani da ta hau, daga makaranta zuwa birni ko lardi zuwa ƙasa, shi ne tsarin da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ta shimfiɗa tun bayan kafa ta a 1952, bisa koyi da Sobiyet. A cikin wannan tsari ɗan wasa ma'aikacin gwamnati ne kamar kowane ma'aikaci. Gwamnati ke ba shi ɗaki da abinci da tufafi da magani da albashi gwargwadon matakinsa, ita ke cewa ga inda zai yi wasa, idan kuma ƙarfinsa ya ƙare ita ke nema masa wani gurbin aiki. Babu ciniki, babu kwantaragi, babu kuma zancen ɗan wasa ya ce ga ƙungiyar da yake so.

Wanda ya ɗauko ta shi ne Yuan Weimin, tsohon mai ɗagawa a ƙungiyar maza, wanda aka ba aikin sake gina ƙungiyar mata a 1976. Ɗaya daga cikin wuraren horonsu shi ne sansanin Zhangzhou a lardin Fujian, inda aka fara da rumfunan gora da daɓen ƙasa, 'yan wasa suna faɗuwa suna mirginawa a kai har fatar gwiwa da ta cinya ta sale. Yuan ya ɗauki tsananin Daimatsu, ya ƙara da nasa tunanin: tun da Japan ta dogara ga sauri da tarbe, Sobiyet kuma ga tsawo da ƙarfi, to Sin za ta haɗa biyun. Yana da mai ɗagawa mai basira, Sun Jinfang, wadda ita ce kyaftin, yana da Zhang Rongfang mai dabarar duka, abin da ya rage masa shi ne doguwa mai ƙarfin hannu wadda za a miƙa wa ƙwallo idan wasa ya yi tsanani. Lang Ping ita ta cike wannan gurbi. Har ma ya kawo 'yan wasa maza su riƙa dukan ƙwallo irin na manyan abokan hamayya domin 'yan matan su saba, kuma cikin waɗannan samari akwai wani Chen Zhonghe, wanda sunansa zai sake fitowa a gaba. A 1979, a Hong Kong, suka doke Japan suka ci gasar nahiyar Asiya a karon farko. Mai sharhin wasanni Song Shixiong shi ya yi wa Lang Ping kirarin da ya bi ta har tsufa: Gudumar Ƙarfe.

Osaka, 1981

Ƙasashe takwas suka shiga gasar Kofin Duniya ta 1981, kowace ta kara da kowace. Sin ta ci wasanninta shida na farko, har da wanda ta sha da ƙyar a hannun Amurka da turmi 3 da 2. Lissafin gasar ya nuna cewa a wasan ƙarshe da Japan, da zarar Sin ta ci turmi biyu kofin ya zama nata ko da an doke ta a wasan. Ta kuwa ci biyun farko da 15 da 8, da 15 da 7. A nan ne jikin 'yan wasan ya yi sanyi, Japan ta farfaɗo a gaban jama'arta ta cinye turmi biyu a jere. A turmi na biyar Japan ta kai 15, Sin tana da 14, saura maki ɗaya ke nan a ba Sin kofi alhali an ka da ita a wasan da dukan ƙasarta take kallo. Sin ta karɓe bugun, ta ci maki uku a jere, aka tashi 17 da 15.

Mai karatu na iya mamakin yadda wasa ɗaya zai girgiza ƙasa mai mutane wajen biliyan ɗaya. Sai an dubi halin da Sin take ciki sa'an nan za a gane. Shekara biyar ke nan da rasuwar Mao Zedong, shekara uku kuma da Deng Xiaoping ya soma buɗe ƙofofin ƙasar, jama'a suka fara ganin tazarar da Japan da ƙasashen Yamma suka ba su, abin ya kashe wa da yawa gwiwa. Sin ta saba cin gasar ƙwallon tebur tun 1959, amma a manyan wasannin ƙungiya uku, watau ƙwallon ƙafa da na kwando da na raga, ba ta taɓa cin kofin duniya ba sai wannan rana. Daɗin daɗawa talabijin ya fara yaɗuwa, unguwa guda takan taru a gaban akwati ɗaya. A daren nan ɗalibai suka fita tituna a Beijin. Jaridar Jam'iyya ta yi kira ga ma'aikatan masana'antu da na ofisoshi da 'yan makaranta da su yi koyi da 'yan ƙwallon raga wajen farfaɗo da ƙasa, aka buga kan sarki domin tunawa da nasarar, wasiƙu kuma suka yi ta kwarara zuwa ga 'yan wasan. Daga ranar nan suka tashi daga 'yan wasa suka zama darasin da ake koya wa al'umma, kuma fuskar da aka fi sani a cikinsu ita ce ta Lang Ping.

Nasarorin da suka biyo baya sun zo da wani salo mai ban mamaki, domin sau biyu Amurka tana doke su a zagayen farko su kuma su ɗauki kofin. A gasar duniya ta 1982 a Feru, Amurka ta ci su 3 da babu, amma suka murmure suka doke Feru a wasan ƙarshe a Lima. A Olamfik na 1984 a Los Anjeles, wanda shi ne na bazara na farko da Jamhuriyar Jama'ar Sin ta shiga sosai bayan an mayar mata da kujerarta a 1979, Amurka ta sake cin su 3 da 1, sa'an nan suka haɗu a wasan ƙarshe Sin ta rama da 3 da babu. Babbar abokiyar hamayyar Lang Ping a wancan zamani ita ce Flo Hyman ta Amurka, wadda ta faɗi ta rasu a tsakiyar wasa a Japan cikin Janairun 1986, sakamakon wata cuta ta gado da ta tsaga mata babbar jijiyar zuciya. A 1985 Lang Ping, tana kyaftin, ta sake ɗaukar Kofin Duniya. A 1986 ta daina wasa, ta zama mataimakiyar Zhang Rongfang, suka ci gasar duniya a Cekoslobakiya. Manyan kofuna biyar ke nan a jere.

Kujerar da aka ƙi

Hanyar da tsarin ya tanadar wa irinta a fili take. An ɗaga Yuan Weimin zuwa mataimakin shugaban Hukumar Wasanni ta Ƙasa bayan 1984. Zhang Rongfang ta zama babbar jami'a a sashen ƙwallon raga, Sun Jinfang kuma daga baya ta shugabanci sashen wasan tanis na ƙasar. Ita ma Lang Ping an yi mata tayin babban muƙami a hukumar wasanni ta Beijin. Tana da shekara 26, gwiwoyinta sun riga sun lalace, ga kujera da gida da girma har ƙarshen rayuwa. Sai ta ƙi. Ta shiga koyon Turanci a Jami'ar Horon Malamai ta Beijin, a 1987 kuma ta tafi Amurka.

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a rayuwarta, ya fi duk wani duka da ta yi a filin wasa nauyi. A Jami'ar New Mexico da ke Albuquerque ta yi karatun sarrafa harkokin wasanni, tana kuma taimakon mai horar da ƙungiyar ɗalibai mata. Matar da ake nuna wa mutum biliyan ɗaya a matsayin abin koyi ta koma tana jefa wa 'yan jami'a ƙwallo, a garin da ba a san ta ba, da harshen da ba ta gama iyawa ba. Abin da ta samu a can shi ne sanin darajar aikinta a kasuwa, abin da tsarin gida ba zai taɓa gaya mata ba, domin a gida ba a sa masa farashi.

A 1989 buƙatar kuɗi ta mayar da ita fili, ta sa hannu a kwantaragi da wata ƙungiya a birnin Modena na Italiya. A nan ne ta zama 'yar wasan sana'a a cikakkiyar ma'anar kalmar: ana biyan ta domin ta ci wasa, kuma mai ƙungiya ba ruwansa da tarihin da ta kafa a Osaka, balle ciwon gwiwarta. Amma igiyar da ke tsakaninta da gida ba ta tsinke ba. Da ƙungiyar Sin ta soma ja da baya, bayan ta tsira da tagulla kawai a Seoul a 1988, aka roƙe ta ta dawo domin gasar duniya ta 1990 wadda aka yi a Sin. Ta dawo ta yi wasa, suka kai wasan ƙarshe a Beijin, Sobiyet ta doke su.

Kira na biyu ya zo a 1995, bayan Sin ta zo ta bakwai a Olamfik na 1992 da ta takwas a gasar duniya ta 1994. Ta bar ƙaramar 'yarta a Amurka ta karɓi aikin babbar mai horarwa. Cikin shekara huɗu ta kai su wasan ƙarshe sau biyu, a Atlanta a 1996 da gasar duniya ta 1998, kuma a duka biyun Kyuba ce ta tare mata hanya, Kyuba kuwa a lokacin babu mai iya mata. Ta ajiye aikin saboda rashin lafiya ta koma Italiya, inda ta horar da Modena da Novara, ta ci gasar Italiya da ta zakarun Turai da Modena. A 2002 aka sa sunanta a zauren tunawa da gwanayen wasan a Holyoke.

Beijin, 2008

A 2005 hukumar ƙwallon raga ta Amurka ta ɗauke ta ta horar da ƙungiyar mata, alhali kowa ya san cewa Olamfik mai zuwa a Beijin za a yi shi. Ƙungiyar Sin a lokacin tana hannun Chen Zhonghe, wancan saurayi mai dukan ƙwallo a sansanin horo, wanda ya riga ya ciwo zinariya a Atina a 2004 bayan Rasha ta ci turmi biyu na farko. Ƙuri'a ta haɗa ƙasashen biyu a rukuni ɗaya, suka kara ranar 15 ga Agusta, 2008. 'Yan jaridar Sin suka ɗauki gaɓar "he" daga sunan Chen da "ping" daga nata suka haɗa, kalmar da ta fito kuwa ma'anarta zaman lafiya, suka laƙaba wa wasan. Amurka ta ci 3 da 2.

Ra'ayin jama'a ya rabu. Masu suka suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. A ganinsu kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: a lokacin da talakan Sin yake auna abinci da takardar rabo, an ware wa wannan yarinya nama da likita da mai horarwa, saboda haka abin da ke kanta dukiyar jama'a ce, ba ta da ikon kai ta gidan abokin hamayya, balle a ranar bikin gida. Masu kare ta suka ce ai ta biya, ta biya da kofuna huɗu da gwiwoyi biyu, ta kuma amsa kira sau biyu lokacin da ake neman ta. Suka ƙara da cewa idan har Amurka da duk arzikinta ta rasa wanda za ta ɗauka sai 'yar Sin, to wannan ɗaukaka ce ga Sin. Ita kanta ta sha bayyana cewa ba ta sauya takardar zama 'yar ƙasa ba. 'Yan kallo a zauren wasan dai tafi suka yi mata.

Idan aka auna maganganun biyu, hujjar masu suka tana da rauni a wuri ɗaya wanda ba su lura da shi ba. Da Japan ta riƙe irin wannan ra'ayi a 1965 ta hana Daimatsu fita, da horon da aka gina ƙungiyar 1981 a kansa bai iso Sin ba. Ƙasar da ta amfana da gwanin wata ƙasa ba ta da bakin hana nata gwanin fita. A ƙarshen gasar Amurka ta sami azurfa bayan Barazil ta doke ta, wadda ita ce azurfarta ta farko tun 1984 lokacin da Lang Ping ɗin ta hana ta zinariya. Sin ta sami tagulla.

Komowa bisa sharaɗi

Bayan ɗan zama a Ankara ta Turkiyya, ta komo Sin a 2009, amma ba wurin gwamnati ba. Kamfanin gine-gine na Evergrande ne ya ɗauke ta ta horar da ƙungiyarsa a lardin Guangdong, ƙungiyar da take rukuni na biyu a lokacin, ta hau da ita rukuni na farko, ta ci gasar ƙasa a 2012. (Shi kamfanin daga baya bashi ya cinye shi, wata kotu a Hong Kong ta ba da umarnin rushe shi a Janairun 2024, abin da ke nuna cewa kasuwar ma ba uwa ba ce.) A wannan tsakani ƙungiyar ƙasa ta sake lalacewa, Japan ta fitar da ita a Landan a 2012.

A Afrilun 2013 aka kira ta karo na uku, amma wannan karon zaman ya sha bamban da na da. Wadda aka kira mace ce mai shekara 52 da ta yi aiki a ƙasashe huɗu, wadda ba ta jiran ƙarin girma daga kowa, saboda haka ta iya gindaya sharuɗɗa. Ta nemi ikon zaɓen 'yan wasa da mataimaka da kanta, ta kira 'yan wasa masu yawa sansani maimakon 'yan kaɗan ɗin da akan gaji da su har su karye, ta kawo likitoci da masu kula da lafiyar jiki daga Amurka. Matar da tsohon horo ya cinye wa gwiwoyi ita ta fi kowa sanin kuɗin da ake biya a kansa. Farkon bai yi kyau ba, domin a gasar Asiya ta 2013 Sin ta zo ta huɗu, mafi munin matsayi da ta taɓa samu a gasar. Amma ta riga ta ɗauko wata 'yar manoma daga lardin Henan mai suna Zhu Ting, haihuwar 1994, mai tsawon mita 1.98, ta gina ƙungiyar a kanta kamar yadda Yuan ya gina tasa a kan ita Lang Ping. A 2014 suka sami azurfa a gasar duniya a Italiya, a 2015 suka ci Kofin Duniya a Japan.

A Riyo a 2016 tsohon salon nan na faɗuwa kafin tashi ya sake dawowa, har ya fi na da. Holan da Sabiya da Amurka duk suka doke Sin a rukuni, ta fito ta huɗu, abin da ya haɗa ta da Barazil mai masaukin baƙi, wadda ta ci zinariya a 2008 da 2012, kuma ba a ci ta ko turmi ɗaya a rukuninta ba. A wannan zamani dokar ta sauya, kowane bugu yana kawo maki, ana cin turmi da 25, na biyar da 15. Barazil ta ci na farko 25 da 15. Lang Ping ta yi ta sauya 'yan wasa daga benci har ta rikita lissafin masu gida, aka tashi Sin ta ci na biyar da 15 da 13. Ta rama wa Holan a wasan kusa da ƙarshe, ta doke Sabiya 3 da 1 ranar 20 ga Agusta. Da wannan Lang Ping ta zama mutum na farko a tarihin ƙwallon raga da ya ci zinariyar Olamfik yana ɗan wasa ya kuma ci yana mai horarwa. A shekarar nan Zhu Ting ta tafi ƙungiyar VakıfBank ta Istambul da yardar hukuma, tana tsakiyar ƙarfinta. Abin da Lang Ping ba ta samu ba sai bayan ta ajiye rigar ƙasa, ɗalibarta ta same shi tana da shekara 21.

A Disambar 2018, wajen bikin cika shekara 40 da soma gyare-gyaren Deng Xiaoping, gwamnatin Sin ta sa sunan Lang Ping cikin mutum 100 da ta karrama a matsayin jagororin gyara. A Satumbar 2019 ta sake cin Kofin Duniya, wasa 11 babu faɗuwa, aka kuma kammala gasar a Osaka, birnin da aka fara labarin shekara 38 da suka wuce. Bayan kwana biyu 'yan wasan suka shiga faretin cika shekara 70 da kafa Jamhuriyar a Beijin.

Olamfik na Tokiyo, wanda annobar korona ta ɗage zuwa 2021, bai zo mata da daɗi ba. Zhu Ting tana fama da ciwon wuyan hannu, Turkiyya da Amurka da 'yan wasan Rasha suka doke Sin a jere, aka fitar da masu riƙe da zinariya tun a rukuni, suka ƙare a matsayi na tara. Lang Ping ta ce laifin nata ne, ta nemi gafarar jama'a. Ranar 2 ga Agusta, bayan wasansu na ƙarshe da Ajantina wanda suka ci, 'yan wasan suka jeru a fili suka sunkuya mata, ita ma ta sunkuya musu. Ta bar aikin a shekarar, tana da shekara 60, aka naɗa Cai Bin a madadinta a 2022.